Shekarar da Na 'Yanta Baba Barka

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa muku a gari. Wasu sun ce ubanku ya taɓa mallakar bawa. Wasu sun ce ubanku ne ya tona asirin gidan Malam Umaru a bainar jama'a don ya nuna shi ɗan asali ne. Hadiza ta taɓa dawowa daga makaranta tana kuka a kan maganar nan, na ce ta share hawayenta, wata rana zan yi bayani. Ga shi har ta haifi na huɗu ban yi ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja da baya, gara in rubuta da hannuna kafin wani ya rubuta mini yadda ya ga dama. Ba zan ɓoye laifina ba, amma wanda ba nawa ba, ba zan ɗauka ba.

Abin ya faru ne shekarar da na buɗe gidan kallo a Kebbe. Ina koyarwa a firamare lokacin, kaina na hayaƙi, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni wayewa. Na je Sakkwato na sayo talabijin da bidiyo da ɗan ƙaramin janareta, na naɗe talabijin ɗin cikin bargo na rungume shi a cinya tun daga Tambuwal, kowane rami muka faɗa sai in yi salati in zagi direba. A zauren gidanmu na kafa su, na toshe tagogi da buhuna don a sami duhu. Liman ya kafa mini sharaɗi ɗaya: bayan azahar za a kunna, da an kira la'asar a kashe, ko da jarumin yana tsakiyar faɗowa daga bene ne. Ni ne mai fassara. Ina tsayawa gefen akwatin da sanda irin ta aji ina faɗa wa mutane abin da Turawan ke cewa. Tunda na yi alkawarin gaskiya, to ku sani Turancin finafinan nan ba shi ne wanda aka koya mana ba. Ta hanci suke magana, da gudu kuma. Rabin abin da nake faɗa daga kaina nake ƙago shi, ba wanda ya taɓa kama ni.

Baba Barka yana zaune ne a bayan gidanmu, katanga ɗaya ta raba mu. Mahaifiyarsa baiwa ce, kamo ta aka yi tana yarinya aka kawo ta gidan kakana, a nan ta haife shi. Lokacin da nake ba ku labari ya haura tamanin, dogo, ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa duk kanta. Shi ya haƙa rijiyar da kuke sha, shi ya koya wa mahaifina kiwo, kuma duk sunan da aka yi a gidanmu shi ke feɗe ragon, har na wasunku. Baba muke kiransa, shi kuwa bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan maigida. Idan wani ya yi zancen asalinsa a gabana nakan taso masa da faɗa, in ce bauta ta ƙare tun zamanin Turawa, jahilci ne kawai ya rage. Ina faɗin haka ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ɗansa Umaru kuwa abokina ne tun muna tsirara. Akushi ɗaya muka ci, tare aka kai mu makaranta Tambuwal, tabarma ɗaya muka kwana a kai shekara da shekaru. Shi ya zama malamin asibiti, ni na zama malamin makaranta.

Wata rana cikin kaka wani direba ya kawo mini kaset ɗin da ko suna babu a jikinsa. Na saka, sai ga abin da ban taɓa gani ba. Duhu ne baƙi ƙirin, cike da taurari, ba irin waɗanda muke hangowa ƙanana ba, manya-manya, wasu ja, wasu shuɗi, wata da zobe kewaye da ita. Sai wani jirgi ya ratso ta tsakaninsu, girmansa ya fi garin Kebbe, yana tafe shiru ba fiffike ba hayaƙi. Wallahi tsigar jikina ta tashi, na manta ni ne mai fassara. Zauren ya yi tsit, janareta kaɗai ake ji. Wani tsohon mahauci ya cire hularsa ya ce Subhanallahi, wani ya tambaya ko wannan ita ce sama ta nawa. Na san dabara ce ta masu shirya fim, na faɗa musu haka, amma ni kaina da na fito waje na ɗaga kai, sai na ji sararin nan da na saba gani ya yi mini kwarjini. Kwana uku ana zancen a kasuwa. A rana ta huɗu sai ga Baba Barka da sandarsa, wanda bai taɓa leƙo zauren ba tun da na fara.

Labarin fim ɗin ba wuya. A wata duniya can mai jan sama, akwai mutane da ke haƙo wani dutse mai walƙiya a cikin tsauni, da shi jiragen ke tashi. Kowannensu da ɗigon haske kore a goshi, wata na'ura ce ke riƙe da hasken, duk wanda ya yi gardama sai ta murɗe shi ya faɗi. Mai su wani sarki ne da ke zaune a gidan da ke shawagi saman gajimare. Sai wata mace matuƙiyar jirgi ta zo daga wata tauraruwa, aka gwabza, aka harbe sarkin, ta farfasa na'urar, hasken goshinsu ya mutu gaba ɗaya. Ta buɗe ƙofar jirginta ta ce su shigo. Matasa suka ruga. Tsofaffin kuwa suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, ba su shiga ba, ba su koma ba. Wani mai furfura a cikinsu ya yi wata doguwar magana da ban kama ko kalma ɗaya ba, don haka kullum in an zo wurin sai in ɗaga sanda in ce, kun ga, tsoro suke ji, sun saba da wahala har ba su san daɗi ba. Mutane su yi dariya, a wuce.

Baba Barka ya kalli fim ɗin sau biyar, kullum a wuri ɗaya, dab da ƙofa inda ake ajiye takalma, ko na ce ya matso ba ya matsowa. Ba ya dariya, ba ya salati, ido kawai. Rana ta biyar da aka kira la'asar mutane suka watse, ina naɗe waya, sai na ga bai tashi ba.

"Ɗan maigida, in tambaye ka?"

"Tambaya, Baba."

"Har can bisa ma akwai bayi?"

Na yi dariya na ce ai ƙirƙira ce, ba wanda ya taɓa zuwa can. Bai kula da dariyata ba.

"Wagga mata da taz zo, ita ad da su?"

"A'a, baƙuwa ta. Taimakonsu taz zo yi."

"Mai su fa, da anka harbe shi, bai ce komi ba kafin shi cika?"

"Bai ce ba, Baba. Faɗuwa kawai yay yi."

Ya dubi akwatin da ya riga ya yi duhu. Sannan ya girgiza kai.

"To ka daina ce ma mutane tsoro suka ji. Ba tsoro na ba. Baƙuwa ta kashe fitila, ta buɗe ƙofa, Allah shi saka mata. Amma ƙaƙa za ta saki abin da ba nata ba? Bakin mai su suka jira, ga shi ya mutu da maganar cikin cikinai." Ya ɗago ya dube ni. "Shi sarkin, bai bar ɗa ba?"

Mutumin da bai san baƙi ɗaya na boko ba ya fahimci fim ɗin da ni mai sanda na yi kwana da kwanaki ina ɓata wa mutane. Kuma na gane ba zancen sarkin gajimare yake ba. Mahaifina ya rasu shekara uku kafin nan, ni kaɗai ne ɗansa namiji. Na yi ta maza na fara karanto masa abin da na saba, cewa doka ta hana, gwamnati ta soke, shi da ni duk ɗaya muke. Ya bar ni na gama.

"Nasara yaz zo yac ce babu bauta, mun ji. Amma Nasara baƙo na. Kakanka bai ce ba. Tsohonka na jira shi har ranar da munka kai shi kushewa, bai ce ba. Ni kau na ji jikina, ɗan maigida. Abin da nika so, in ishe Ubangijina ina ɗa. Ka ɗiyauta ni."

Ɗiyautawa ita ce 'yantawa a bakin mutanenmu. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Mutumin da ya goya ubana yake roƙona in sake shi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na ji haushin kakana, na ji haushin mahaifina, na fi jin haushin kaina da na shekara arba'in ina gaishe shi kullum safe ban taɓa ganin abin da yake ɗauke da shi ba. Na ce masa to, na ji, yanzu ma sai in faɗa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba haka ake yi ba, sai da yardar duk magada, sai da shaidu, kuma da rana tsaka.

Na fara zuwa wurin Liman, ina fatan ya ce babu buƙata in huta. Ya saurare ni yana jan carbi.

"Malam Sambo, wagga bauta tun asali ba ta da tushe. Uwa tai musulma ta, sace ta anka yi. Ga shari'a Barka ɗa na tun ran da anka haife shi, kuma na gaya mai haka ba sau ɗaya ba. Amma zuciyar dattijo ba fatawata taka jira ba. Bakinka taka jira."

Daga nan na shiga wurin Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce sauran magajiyar kakana. Kun san ta da faɗa, to da ƙuruciyar tsufanta ta fi haka. Tana tankaɗen gari na faɗa mata, ta ajiye rariya ta yi mini kallon da ya sa na tuna dukan da ta yi mini ina yaro.

"Kai da akwatin aljanunka kun ishe mu! Barka namu na. Shi yag goye ni, shi yar raka ni ɗakin miji, shi yad ɗauko ni da anka sako ni. In ka sake shi, mi yar rage tsakaninmu? Shi zan maƙwabci kawai?"

Sai ta fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba. A cikin kukan ta gaya mini mahaifina ya so ya yi, har ya kira Barka ɗakinsa yana jinya, amma da suka haɗa ido nauyi ya kama shi, ya ɓige da tambayarsa lafiyar shanu. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta aiko a kira ni, ta ce ba tare da ta dube ni ba, rabonta ta bar wa Allah. Ƙannena mata kuwa ba su ma san suna da wani rabo ba, ɗaya har ta ɗauka wasa nake.

Saura Umaru, kuma nan ne wuyar take. Na same shi a ɗakin shan magani yana wanke almakashi. Ina tsammanin zai rungume ni, don haka na shiga da fara'ata. Tun kafin in kai ƙarshe na ga fuskarsa ta canza. Ya sallami matar da ke jira, ya rufe ƙofa.

"Sambo, kana da hankali kuwa? Wa kaka shirin saki? Wa ka ɗaure?"

"Shi yar roƙe ni, Umaru."

"Tsoho na, ruɗewa ta kama shi! Shekara nawa ina wanke sunan gidanmu? Ɗiyana ba su san wagga magana ba. Rabin garin ga sun manta. Kai kau za ka tara mutane bayan Juma'a ka tuna musu. Ran da kac ce ka ɗiyauta ubana, ran nan kac ce ubana bawanka na. Ka sake shi, ni da ɗiyana ka ɗaure mu."

Gaskiya ya faɗa. Ya roƙe ni da girman akushin da muka ci tare in bar tsohon ya ƙarasa kwanansa, in lallashe shi, in ce masa an yi a takarda. Na koma wurin Baba Barka na kawo shawarar a yi a cikin ɗaki, ni da shi da Liman da mutum ɗaya, ba wanda zai ji. Yana gyaran igiyar guga, bai ko tsaya ba.

"Ga fili anka san ni bawa. In ka sake ni cikin ɗaka, to cikin ɗaka kaɗai nike ɗa."

Mako biyu ina jujjuya abin. Na rufe gidan kallo, abinci ya daina shiga, mahaifiyarku ta ɗauka ciwo ne. In na dubi Umaru in ga mutum mai sauran rayuwa a gaba da 'ya'ya masu tasowa. In na dubi Baba Barka in ga mutumin da bai taɓa roƙon gidanmu komai ba sai wannan. Abin da ya yanke mini shawara ƙarami ne. Na hango shi wata safiya zai tashi daga bakin rijiya, ya yunƙura sau uku kafin ƙafa ta ɗauke shi. Na ce a raina Umaru yana da lokacin da zai yi fushi da ni, har ma ya huce in Allah ya so. Tsohon nan ba shi da lokacin da zai jira wani magajin.

Abin da na biya, kun gan shi da idonku ko da ba ku san sunansa ba. Umaru bai zo wurin ɗiyautawar ba. Kafin wata ya ƙare ya nemi canjin wurin aiki ya kwashe iyalinsa zuwa Sanyinna. Abin da ya ji tsoro kuma ya faru, don bakin mutane ba shi da linzami, an yi wa 'ya'yansa gori, har wata maganar aure ta lalace a kan haka. Da Baba Barka ya rasu da damina ta zagayo, na miƙa wa Umaru hannu a makabarta, ya karɓa, amma bai dube ni ba. Har yau in mun haɗu a jana'iza mukan gaisa, mu tambayi iyali, shi ke nan. Ban ƙara cin abinci da shi ba. Ina kewarsa, ba na jin kunyar faɗa. Kada in ji ɗayanku ya zage shi ko ya ce girman kai ne. Shi ma yana da gaskiya, kuma ni na zaɓi a kan wa wuyar za ta faɗo.

Ranar da na ɗiyauta shi kuwa Juma'a ce. Bayan an sauko aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Dattawa suka zauna, waɗanda ba a gayyata ba ma suka tsaya daga nesa. Goggo Hajo tana bayan zana tana ji. Baba Barka ya fito da farar riga wadda ban san yana da ita ba, ya durƙusa a gaban Liman. Ni da na saba surutu a gaban aji da gaban 'yan kallo, da ƙyar na ce:

"Ku shaida. Ni Sambo, da yawun Goggo Hajo da ƙannena, na ɗiyauta Barka saboda Allah. Ɗa na. Ba mu da komi bisa wuyanai, mu da ɗiyanmu, har abada. Kuma muna roƙo nai gafara."

Maganar gafarar ba ta cikin abin da Liman ya koya mini, ita ta fito da kanta. Aka ce an shaida, aka shafa fatiha. Baba Barka ya ɗago ya ce:

"Malam, sallolin da niy yi baya, da azumi, ladar wa ta? Tawa ko tasu?"

Liman ya matso kusa da shi. Ya kama hannuwan tsohon biyu ya ce taka ta, Barka, tun ta farko, ba wanda ya taɓa raba ka da ko raka'a ɗaya. Dattawan da ke wurin ba wanda ya iya ɗaga kai. Ni dai ban taɓa jin ƙanƙantar kaina da girman Allah a lokaci guda kamar ranar ba.

Sai ya dafa sandarsa ya miƙe. Muna zaton gida zai shiga, sai muka ga ya bi hanyar Fakku. Bai yi wa kowa sallama ba, bai waiwayo ba. Na yunƙura zan bi shi, Liman ya riƙe mini riga. Muna kallon farar rigar tana ƙanƙancewa tsakanin karan dawa har ta ɓace. La'asar ta yi bai dawo ba. Goggo ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta yi, tana faɗa tana cewa mun saki tsoho ya je ya faɗi a daji. Rana ta yi ja, shanu sun fara shigowa, sai ga shi yana tafe a hankali a bayansu, ƙafafunsa butu-butu. Goggo ta tare shi tun bai ƙaraso ba.

"Ana kat tafi, ba ka gaya ma kowa ba?"

"Ba ko'ina, Hajo. Tun da anka haife ni ban taɓa fita garin ga ba sai na faɗi inda za ni. Yau niƙ ƙi faɗi, in ji yadda take."

Goggo ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa, sai ta fasa. Ta gyara mayafinta, ta tambaye shi a hankali:

"To ƙaƙa take?"

Ya juya ya dubi hanyar da ya fito, gonakin da ya shekara saba'in yana nomewa, ya daɗe yana dubawa.

"Da faɗi, Hajo," ya ce. "Ashe ƙasar ga da faɗi."